Wane Mastas Ya Kamata In Haɗa da Na Zanen Gine-gine?

Wani ƙane ya rubuto daga Kaduna: "Malam, na gama digirin farko a zanen gine-gine, na yi bautar ƙasa, yanzu wata takwas ke nan ina aiki a wani ofishin zane. Ina shirin neman mastas a Amurka, sai na ga jami'o'i da yawa suna ba mutum dama ya haɗa M.Arch, wato mastas na zanen gine-gine, da wani mastas ɗin a lokaci guda: MBA na harkar kasuwanci, tsara birane, harkar filaye da gidaje, injiniyancin gini da sauransu. Baba ya ce in ɗauki MBA don a nan kuɗi yake. Ni kuma niyyata in dawo gida in yi aiki. Wanne ya fi?"

Ƙanena, Allah ya yi jagora. Bari in fara da abin da ba za ka gani a takardun tallan jami'o'in ba. Mai haɗa mastas biyu yakan shiga da tunanin cewa zane shi ne uwargida, ɗayan kuma an kawo shi ne ya taya ta aiki. Shekara biyar bayan kammalawa sai ka tarar amarya ta karɓe gida. Cikin waɗanda na sani da suka haɗa da MBA, da ƙyar zan tuna wanda har yau yake hana idonsa barci a kan zanen matakala ko tsayin taga. Suna kamfanonin gina gidaje, ko bankunan da ke zuba jari a gine-gine, ko suna kula da kadarorin wata babbar ma'aikata. Ba na ganin laifinsu, wasunsu ma sun fi mu jin daɗi nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: albashin farko na mai MBA daga babbar makaranta a can yakan ninka na sabon akitek, wato mai zanen gine-gine, sau biyu ko fiye, ga bashin karatu yana jira a bakin ƙofa. Saboda haka ka zaɓi abokin haɗin nan da niyyar cewa mai yiwuwa shi za ka ci abinci da shi har tsufa. In aikin bai kwanta maka ba shi kaɗai, kada ka ɗauke shi don ya zama ado.

Sai ka san abin da haɗin yake ba ka da abin da yake karɓa. Ɗauki Jami'ar Yale misali. M.Arch ɗinsu na masu neman lasisi shekara 3 ne, MBA shekara 2. In ka yi su ɗaya bayan ɗaya shekara 5 ke nan, in ka haɗa 4. Ribar duka shekara ɗaya ce. To daga ina aka yanko ta? Kowane mastas yana da darussan dole da darussan zaɓi, sai a ɗauki na dolen wancan a lissafa maka su a matsayin na zaɓin wannan. Wato kai ne ka biya da 'yancinka. Darussan zaɓi su ne inda ɗalibi yake yawo ya gano kansa, ya leƙa ajin sarrafa haske, ko na tarihin gine-ginen Musulunci, ko ya shiga sashen injiniyoyi ya ga yadda ake gwada kankare. Mai tagwayen digiri ba shi da wannan sararin, jadawalinsa a cike yake tun ranar farko. Kuma takardar nema biyu za ka cike, kowace makaranta ta tantance ka da ma'auninta, ɗaya na iya ɗaukarka ɗaya ta ƙi. A wurare da yawa tallafin karatun da makarantar zane ta ba ka ba ya bin ka zangon da kake rajista a makarantar kasuwanci. Abin da zai sanyaya maka rai shi ne yawancinsu suna yarda ka nemi na biyun kana cikin shekararka ta farko, don haka babu dole ka yanke hukunci daga Kaduna.

Kafin amarya, a gyara zancen uwargida, don a nan na fi ganin 'yanmu suna faɗawa rami. M.Arch a Amurka iri biyu ne. Akwai wanda NAAB, hukumar tantance karatun zanen gine-gine ta can, ta tantance, shi ne yawancin jihohi ke nema kafin su ba ka lasisi. Yakan ɗauki shekara 2 ga wanda aka karɓi digirinsa na farko a zane, ko 3 zuwa 3 da rabi ga saura. Na Harvard zango bakwai ne. Akwai kuma na ƙarin ilimi, wanda wasu ke kira M.Arch II, gajere, mai daɗin suna, wanda sau da yawa ba ya cikin tantancewar. Kai da digirin shekara huɗu kawai kake da shi, na farkon kake buƙata. Ko a can za ka zauna, takardar ba ta gama maka ba: akwai awa 3,740 na aiki da NCARB, majalisar hukumomin lasisin masu zane ta can, ke lissafawa, da jarrabawa mai kashi 6. In kuma gida za ka dawo kamar yadda ka ce, ARCON, hukumar masu zanen gine-gine ta Najeriya, ce mai rajista tun dokar da ta kafa ta a 1969, kuma ba don sunan jami'arka ya yi ƙara ba ne za ta ɗauke maka aikin koyo da jarrabawar ƙwarewa. Ka rubuta musu tun yanzu, ka ambaci ainihin sunan digirin da jami'ar, ka ajiye amsar a rubuce.

Na san wanda zuciyarka za ta fara karkata gare shi, domin kusan duk ɗalibin da ya zo mini da wannan tambayar da shi yake farawa: injiniyancin gini. Kowa ya gaji da zana abu mai kyau injiniya ya zo ya dasa masa ginshiƙi a tsakiyar falo. Akwai jami'o'in da ke haɗa su, Illinois ta Urbana-Champaign na cikinsu. Amma dubi mutanen da ake kafa misali da su. Fazlur Rahman Khan, ɗan Dhaka, a Illinois ɗin ya yi mastas biyu da digirin digirgir cikin shekara uku a farkon shekarun 1950. Shi ne injiniyan dogayen benayen John Hancock da Sears a Chicago, kuma duk alhajin da ya sauka a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda ya zauna a inuwar aikinsa, fararen rumfunan nan 210 masu kama da tanti. Sai dai Khan injiniya ne tun daga tushe, digirinsa na farko a nan yake. Santiago Calatrava ɗan Sifen kuwa da ya gama zane a Valencia, sai ya koma Zurich ya zauna ya karanta injiniyanci na shekaru, bai fito da digirin digirgir ba sai 1981. Babu wanda ya tsinci abin a ƙarin shekara ɗaya.

Darasin gini da aka koya maka a sashen zane bai kai ya shigar da kai mastas ɗin injiniyoyi ba. Za a nemi kalkulas mai zurfi, da ilimin ƙarfin ƙarfe da kankare, da halin ƙasa a ƙarƙashin harsashi, sai ka cike gurbin, shekarar da ka ce ka rage ta koma. Bayan duk wannan, hukumomin rajistar injiniyoyi, na can da COREN ta gida, digirin farko suke fara dubawa. Kana iya fita da ilimin amma ba ka da hatimin, kuma zanen rodi da ginshiƙi ba ya wuce ofishin amincewa sai da hatimin injiniya mai rajista. Ilimin kansa ba asara ba ne a ƙasar da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Amma in sanin ne kake so, darussan zaɓi uku ko huɗu a sashen injiniyoyi za su sa ka daina gyaɗa kai kawai idan injiniya yana magana.

Yanzu maganar Baba. Ka gaishe shi, ka ce masa yana da gaskiya a kan inda kuɗi yake. Mai zane yana karɓar ɗan kaso ne daga kuɗin aiki, shi ma sai an ja shi a ƙasa, wanda ya mallaki fili ya kawo jari shi ke kwashe riba. Inda zan saɓa da shi a kan lokaci ne da wuri. Ajin MBA a manyan makarantu cike yake da mutanen da suka yi kusan shekara biyar suna aiki, kuma koyarwar ta dogara ne a kan kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Mai wata takwas a ofis me zai ajiye a faifan? Na biyu, rabin abin da kake saye a MBA mutane ne: abokan aji da kamfanonin da ke zuwa ɗaukar ma'aikata. Waɗannan a New York da Chicago suke. In ka dawo Kaduna, ba su ne za su kira ka idan gwamnati za ta gina kasuwa ba. Wanda zai yi sana'a a gida, MBA na ƙarshen mako a Lagos Business School ko a makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, bayan ya yi shekara biyar yana fama da albashin ma'aikata da masu cin bashi, ya fi masa amfani, don waɗanda zai zauna da su a aji su ne masu ba da aikin.

Kuma taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Situdiyo, wato ajin aikin zane, ba ya bar wa mutum lokacin wani abu, ka san wannan tun kana aji biyu. MBA kuma rabinsa a wajen aji ake yi, a tarurrukan cin abinci da gaisawa da masu ɗaukar aiki. Dogon hutun da za ka yi aikin koyo shi ke yanke maka makoma, kuma hutu ɗaya ba ya rabuwa tsakanin ofishin zane da banki.

In jarin gini ne yake burge ka, mastas ɗin harkar filaye da gidaje ya fi MBA kusa da kai, kuma ya fi shi gajarta. Jami'ar MIT ta buɗe cibiyarta ta wannan fanni a 1983, na Jami'ar Columbia zango uku ne, kuma suna haɗa shi da M.Arch. A nan za ka koyi abin da sashen zane bai taɓa koya mana ba: ka zauna da kwamfuta ka lissafa kuɗin fili, kuɗin gini, kuɗin ruwa, hayar da za ta shigo da shekarun da za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo, ka san tun kafin a haƙa harsashi ko aikin zai ci ko zai cinye mai shi. Wannan lissafin yana tafiya ko'ina. Abin da ba ya tafiya shi ne ƙasar da aka gina lissafin a kanta. Can ana ɗaukar bashin gida na shekara 30. Nan a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya fi haka, bashin asusun gidaje na ƙasa mai kashi 6 kuma ba kowa ke kai hannu gare shi ba. Yawancin mutanenmu da kuɗin aljihu suke gini, bana a zuba dakin, baɗi a yi rufi. Ƙasa kuma tun dokar 1978 a hannun gwamna take, sayarwa ko jingina sai da amincewarsa. Ba malamin da zai koya maka wannan a Boston. Ka kuma tuna John Portman na Atlanta, wanda otal ɗinsa na Hyatt Regency na 1967 ya sauya yadda ake gina manyan otal-otal, shi ne mai zane shi ne mai haɗa jarin manyan ayyukansa, kuma digirin zane ya fita da shi daga Georgia Tech. Babu hukumar da ke hana ka gina gida ka sayar don ba ka da wannan takardar.

Wanda ni na ɗauka, kuma wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne tsara birane. Ka san da haka don ka auna maganata.

Abin da ya kai ni shi ne wata ƙaramar makaranta da na zana a gefen gari shekaruna na farko. Na yi alfahari da ita. Na juya azuzuwan yadda rana ba za ta dake su ba, na ɗaga harsashi, na sa baranda mai faɗi. Damina ta biyu ruwa ya kai gwiwa a cikin aji. Da na bi sawun ruwan sai na tarar wani kududdufi da ke sama da mu, wanda shekara da shekaru yake shanye ruwan unguwar, an cike shi da shara an yanka fulotai. Unguwar duka awon igiya ce, ba a bar hanyar lambatu ba, ba kwalbati. Babu layin da zan ja a cikin katangar fulotina da zai hana wannan. Hukuncin da ya nutsar da ginina an yanke shi tun kafin a ba ni aikin, a wurin da ba a gayyaci mai zane ba.

Haka abin yake a babba. Tsarin Abuja na 1979, wanda gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ta yi, Kenzo Tange na Japan kuma ya fitar da tsakiyar birnin, da yadda aka aiwatar da shi daga baya, su ne suka sa ƙaramin ma'aikaci yake kwana a Nyanya ko Mararaba yana asubancin shiga gari. Kai da kake Kaduna, tsarin da Max Lock ɗan Birtaniya ya yi wa garinku a shekarun 1960 yana nan a ɗakunan karatu, ka nemo shi ka kwatanta da abin da ke ƙasa yau. Shi ma akitek ne da ya zama mai tsara gari. Mu masu zane fuloti ake miƙo mana. Faɗin titi, inda ruwa zai bi, inda kasuwa za ta zauna, nisan talaka da wurin aikinsa, duk an gama su kafin mu iso.

Dalilin da ya sa nake ganin haɗin nan ya fi dacewa da zane shi ne yana ba ka abin da ofis ba zai taɓa koya maka ba, kuma ba ya maimaita abin da kake da shi. Za ka koyi taswirar kwamfuta ta GIS, ƙididdiga, dokar ƙasa, yadda hukuma ke samun kuɗin yin titi da magudana, tsarin sufuri, da yadda ake zama da jama'ar unguwa a saurare su ba a zo musu da zane a hannu ba. Aikinsa rubutu ne da lissafi, don haka ba ya kishi da situdiyo kamar sauran. MIT, Harvard, Columbia, Pennsylvania da Michigan duk suna haɗa shi da M.Arch. Mai tsara gari da ya iya zane yana ganin abin da doka za ta haifa a ƙasa, in an ce a ja baya mita kaza daga titi ya san irin gidan da zai fito. Wurin aiki kuma ya faɗaɗa: hukumomin taswirar filaye irin su AGIS, KADGIS da KANGIS, hukumomin tsara birane na jihohi, UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedikwata a Nairobi, Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka.

Amma ga gargaɗi. Tsara birane a Amurka ya ginu ne a kan dokar kasa gari shiyya-shiyya, wadda New York ta fara a 1916 kotun ƙolinsu ta tabbatar da irinta a 1926, da zaman sauraron jama'a, da kuma mota. In ka faɗa sashen da wannan kaɗai ya sani, za ka kwashe shekara biyu kana koyon yawan wurin ajiye mota da ya kamaci kanti, ka dawo garin da rabinsa ba shi da takardar mallaka. Ka nemi sashen da ke da malamai masu aiki a biranen ƙasashe masu tasowa. MIT tana da rukuni na musamman a kan wannan. Ka karanta sunayen malaman ɗaya bayan ɗaya, ka ga ina suka yi bincike, ka duba kundayen da ɗalibai suka rubuta cikin shekara uku da suka wuce. In babu Legas, babu Nairobi, babu Dhaka, babu Karachi, ka wuce. Kuma sanya hannu a matsayin mai tsara birane a gida rajistar hukumar TOPREC yake buƙata, su ma ka tambaye su tun da wuri. Albashin gwamnati ne, wannan ma ka sani. Ka kuma shirya ganin tsarin da ka yi wata shida a kansa an soke shi da waya ɗaya daga sama.

Akwai tsara shimfiɗar ƙasa da farfajiya, MLA. Mutanenmu suna ɗauka shuka fulawa ne, alhali ilimin ruwa ne da gangare da inuwa, abin da garuruwanmu ke matuƙar nema. Wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumba 2024 ba ya buƙatar bayani. Matsalarsa biyu: shi ma situdiyo ne, wahala a kan wahala, kuma mai biyan kuɗin wannan aikin a gida har yanzu ƙalilan ne. Kula da aikin gini kuwa, wato jadawali da farashi da kwangila, yana da kasuwa ko'ina, sai dai shekara biyu a wurin gini tare da birkiloli da 'yan kwangila za su ba ka mafi yawansa ana biyanka.

Adana tsofaffin gine-gine shi ne wanda zuciyata ke so aljihuna ke tsoro. Ɓangaren babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta a kan masallata a Agusta 2023. Tsohon masallacin Damagaram ruwan sama ya kayar da shi a Satumba 2024. Masu sanin yadda ake ɗaure azara a fitar da bakan gizo, ko a haɗa makuba, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Columbia ce ta fara koyar da wannan fanni a Amurka a 1964, shekara ɗaya bayan an fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York, kuma koyarwarsu mai kyau ce. Sai dai jan bulo suka sani da ƙarfe da katako, da rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari da gwamnatinsu ke ba mai gyara tsohon gini. In tubali da ƙasa kake so, cibiyar CRAterre da ke Grenoble a Faransa, wadda take kan ginin ƙasa tun 1979, ita ce wurin, bayan ka gama M.Arch. Ɗaya rabin ilimin kuma yana hannun magina a Zariya da Kano da Agadas. Falke Barmu na Yaama a jihar Tawa, wanda masallacinsa ya ci kyautar zanen gine-gine ta Aga Khan a 1986, magini ne na gargajiya.

Wata 'yar Nijar ma ta isa ka yi nazari a kanta. Mariam Issoufou Kamara kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa har mastas, ta yi shekaru tana rubuta manhaja, sannan ta shiga M.Arch a Jami'ar Washington da ke Seattle ta gama a 2013. Ita da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji da ke Nijar ɗakin karatu suka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa. Mastas biyu ne da ita, amma ɗaya bayan ɗaya, da shekarun aiki a tsakani, kuma na ƙarshen ne ya zama sana'arta.

Saura kuɗi da biza. Kuɗin makaranta kawai a manyan jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 50,000 a shekara, ban da haya da abinci da inshorar lafiya. In ka lissafa dala a naira 1,500, ƙarin shekara ɗayan nan naira miliyan 75 ce kafin ka sayi burodi. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Wasu suna haɗa digiri da zaton za a ninka musu izinin aiki bayan karatu, kuma ba haka dokar take ba: wata 12 ake bayarwa a kowane matakin karatu, mastas biyu mataki ɗaya ne. Ƙarin wata 24 yana samuwa ne in an sa digirin cikin rukunin kimiyya da fasaha, kuma makarantun zane da yawa sun mayar da M.Arch ɗinsu cikin rukunin, wato uwargidan ma tana iya samo maka shi ita kaɗai. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje lambar rukunin da za a rubuta a takardarka. Dokokin bizar Amurka kuma sun tsananta a kan 'yan Najeriya da Nijar tun 2025, don haka kafin ka biya kuɗin ko da jarrabawa ɗaya, ka tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadancinsu.

'Yan'uwa na Nijar da suka bi ta makarantar zane da tsara birane ta EAMAU da ke Lome ko suke hangen Faransa, tsarinku daban ne. A can haɗin da ya kafu shi ne na akitek da injiniya, tsakanin makarantar zane da ta injiniyoyi kamar yadda ake yi a Lyon da Paris, kuma tun daga shekarun farko ake shiga, ana fita da takardun biyu cikakku. Wannan ya warware matsalar hatimin da na ambata, amma sai wanda ya shiga da wuri.

Ga abin da zan yi da ina matsayinka. Zan nemi M.Arch mai tantancewar NAAB shi kaɗai, amma a jami'ar da ke da sashen tsara birane mai ƙarfi a kan ƙasashe irin namu, in zuba duk ƙarfina a kundin zane-zanena don in samu tallafi mai tsoka da ragin shekara. Zangon farko zan ɗauki darasi ɗaya a tsara birane, na biyu in ɗauki ɗaya a lissafin jarin gidaje. In na tarar ɗayansu yana hana ni barci kamar yadda zane yake yi, in nemi haɗin kafin shekarar ta ƙare. In bai yi ba, in gama, in dawo, in yi aiki shekara uku. Mastas na shekara ɗaya kan raya birane a sashen DPU na University College London ko a cibiyar IHS ta Rotterdam yana nan, tallafin Chevening na Ingila ma sai mai shekara biyu na aiki yake ɗauka.

Kafin ka aika takarda ko'ina, ka rubuta wa kowace makaranta ka tambaye ta ɗalibai nawa suka gama wannan haɗin cikin shekara biyar da suka wuce, da inda suke aiki yanzu. Wasu haɗe-haɗen a takarda kawai suke, ba wanda ya bi su da daɗewa, kai za ka zama mai sharar hanya tsakanin ofisoshi biyu da ba sa magana da juna. Ka tambaya ko kundin kammalawa ɗaya za su karɓa ko biyu, da wanda zai biya tallafinka a shekarar ƙarshe. In sun haɗa ka da tsohon ɗalibi, ka tambaye shi yaushe rabonsa da zana gini. In ka samu amsoshin ka turo mini mu duba tare.